Azumin da Jijiyoyin Maigida Suka Tashi

Bazarar bana ta matsa wa Damagaram. Tun hantsi ake rufe tagogi, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama take zuwa. Shekaranjiya da azahar jikata Rabi ta shigo ɗakina tana fifita da murfin kwano, ta zube a kan tabarma, ta ce, "Kaka, tun da aka halicci duniya ba a taɓa zafi irin wannan ba." Na yi dariya har na ƙware. Ta kamo hannuna za ta tayar da ni zaune, sai ta tsaya tana duban bayansa.

"Kai, Kaka, dubi jijiyoyinki yadda suka fito ɓaro-ɓaro. Lafiya kuwa?"

Na ce mata lafiya lau, zafi ne kawai. Ta tashi ta tafi neman ƙanƙara. Ni kuwa tambayar nan tata ta ɗauke ni ta kai ni Arlit, shekarun da iraniyom ke da daraja, lokacin da duk saurayin da ya iya riƙe sitiyari ko shebur yake ɗaure kayansa ya nufi arewa.

Na je Arlit da ƙuruciyata, ina goye da 'yata ta fari, wadda ake kira Uwani don ta ci sunan uwar mijina. Maigida ya riga mu tafiya da kusan shekara. A can ba mai kiransa da sunan yanka, sai Na-Mirya, don Mirya ce garinsu. Direba ne, ya samu aikin tuƙa manyan motocin da ke kwaso dutse daga ramin haƙa su kai inda ake niƙa shi. Sai dai ba a riga an tabbatar da shi ba, yana cikin waɗanda ake gwadawa. In an ga aikinka an ga lafiyarka a riƙe ka, a ba ka ɗaki a site, unguwar ma'aikata mai famfo da lantarki. In ba haka ba a sallame ka, ga wasu nan cike a bakin ƙofa suna jira.

Kafin nan muna zaune a Bukoki. Sunan ya dace da wurin. Bukkoki ne aka yi da duk abin da hannu ya samu: tanon mai, wato duro, da aka fasa aka miƙe, kwalaye, tsofaffin tabarmi, katakon akwatunan da aka kawo injuna a ciki. Tamu ta ƙarfen tano ce, an danne rufinta da duwatsu don kada iska ta ɗauke. Hagu da mu Inna Ta-Sakkwato ce, dattijuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta biyo ɗanta mai sayar da yadi. Dama da mu kuma Tekna, Ba'abziniya, wadda fari ya cinye musu dabbobi suka sauko gari, mijinta ya kama gadi. Tekna da girma ta koyi Hausa, kowa "kai" ne a bakinta, namiji ko mace. Ranar farko da ta ce mini, "Kai, yarinya, ka zo ka sha shayi," sai da na waiga ina neman wanda take kira.

Da sanyi muka iso, har na ce ashe sharri ake yi wa garin. Da bazara ta kama na janye maganata. Ni 'yar Damagaram ce, na san zafi. Amma zafin gida yana da inuwar da ake gudu a fake, yana da darbejiya da tsamiya, kuma in ka ɗaga kai kana sa ran hadari. A Arlit ba itacen da ya fi mutum tsawo a unguwarmu, ƙasar kuwa tsakuwa ce baƙa mai haɗiye rana ta amayo maka ita. Kafin hantsi bangon bukka ya daina taɓuwa. Cokalin da aka manta a waje sai an sa tsumma a ɗauka. Sabulu ya narke a kwano. In kina shanya, kafin ki rataya zane na uku na farko ya bushe ƙamas. Iska in ta taso, kamar an buɗe miki bakin tanderu a fuska.

A cikin wannan hali azumi ya same mu. A gida lokacin an yi shuka, gero ya kai gwiwa, ana azumi da sanyin damina. Mu a can ko girgije ɗaya babu.

Da assalatu nake tashi in ɗumama tuwo in dama fura. Maigida ya ci, ya sha ruwa iya cikinsa, ya yi sallah, ya fita bakin hanya inda motar ma'aikata ke ɗaukarsu. Mu kuma mata sai layin famfo. Famfo guda ne a bakin unguwa, wani lokaci ya kawo ruwa, wani lokaci ya yi ta tari kamar tsoho ba ko ɗigo. Mu uku muka raba aiki ba tare da mun zauna mun tsara ba. Ni ce mai ƙarfi, ni ke bin layi in cika bido, wato jarkunan ruwa. Tekna tana da jaki guda da ya tsira daga fari, shi ke kwaso mana. Inna ƙafarta ba ta jure tsayuwa, ita ke riƙe Uwani tana tsince wake. Gero daga kudu yake zuwa a manyan motoci, tsadarsa har ta fi rana zafi, don haka ko ƙwaya ba ta faɗuwa a bar ta. A turmi ɗaya muke daka, ni da Tekna, mu yi sauri mu gama kafin inuwar bukka ta gajarce.

Daga nan sai kwanciya. Tsakanin bukkokinmu mun kafa rumfar tabarmi. Mu jiƙa buhu mu rataya ta inda iska ke shigowa, kusa da shi salkar Tekna tana ɗiga a hankali. Mu baje ƙarƙashi, ba mai magana, don magana ma tana shan yawu. Harshe ya yi kauri a baki, leɓe ya tsage. Uwani tsirara take wuni, wuyanta duk ƙurajen zafi, ina shafa mata ruwa tana mita har barci ya kwashe ta. Sai la'asar ta yi sanyi, in ana iya kiran wannan sanyi, mu hura wuta. Itace ya fi nama wuya, don haka wuta ɗaya gida uku ke ci. Inna ta fara da ƙosanta, in ɗora kunun tsamiya, Tekna ta kwashi garwashi ta dafa shayi.

Wajen shan ruwa na fara lura da hannuwan Maigida. Shi mutum ne marar jiki, dogo, wankan tarwaɗa. Ya dawo aiki ya naɗe hannun riga zai yi alwala, sai na ga jijiyoyi sun taso masa tun daga bayan hannu har gwiwar hannu, sun yi kore-kore, sun nannaɗe kamar igiyar guga. Wata ma a gefen goshinsa tana harbawa. Fuskarsa ta yi wani irin duhu mai ja, kunnuwansa kamar an gasa. Na san hannuwan nan, ba haka na san su ba. Na ce a raina wahalar aiki ce.

Inna ce ta sa mini abin a zuci. Muna zaune tana kaɗa ƙullu, ta rage murya ta ce, "Ɗiyata, kin ko duba hannun mijinki?"

Na ce, "Me kika gani, Inna?"

"Ni dai ba ni son kawo magana. Amma bara akwai wani Ba'adare nan bayanmu, haka nashi sunka tashi. Anka ce ƙurar ramin ga ce ta shiga mishi jini, jinin na biɗar hanyar hita. Sunka sallame shi, anka kai shi gida. Ba a daɗe ba..." Sai ta kife tafin hannunta.

Har yau ban san abin da ya kashe Ba'adaren nan ba, kuma na tabbata Inna ma ba ta sani ba. Amma a lokacin kowa a Bukoki yana da labari a kan dutsen da ake haƙowa da hoda mai launin rawaya da ake fitarwa daga cikinsa. Ba wanda ya zauna ya yi mana bayani, mu kuwa abin da ba ka sani ba shi ya fi ban tsoro. Maganar Inna ta shige ni kamar ƙaya.

Na koma mai gadin hannuwa. In yana cin abinci idona na kansu, in ya ɗaga su yana addu'a idona na kansu. Na karɓo rubutu wajen wani malami na zuba masa a fura. Da assalatu na duba, na ga jijiyoyin sun kwanta lumui, na ce Alhamdu lillahi, rubutu ya ci. Da yamma ya dawo, ga su nan sun fi na jiya. Haka kullum, safe murna, yamma baƙin ciki. Sannan na lura in zai tashi daga zaune sai ya dafa bango ya ɗan tsaya ya runtse ido.

Cikin goman tsakiya na kasa daurewa. Na ce, "Maigida, jiri kake ji."

"Azumi ne."

"Ka je gidan likita su duba ka mana."

Ya aje kofin shayi ya dube ni. "So kike in kai kaina da ƙafata in ce musu ba ni da lafiya? Bayan Sallah za a tabbatar da mu. Kin gaji da ganin yarinyar nan cikin tano tana gasuwa ko ba ki gaji ba? Ki rufa mini asiri."

Na rufa. Gaskiyarsa ce, kuma ni ma ina son ɗakin nan mai famfo. Amma in ya fita da safe sai in bi bayansa da kallo har motar ta ɓace, ina lissafin yadda zan koma Mirya da marainiya a baya, in ce wa uwarsa me.

Ranar wata Lahadi ba aiki. Ya samo tsofaffin tabarmi, ya ce zai ɗinke su ya shimfiɗa a saman rufi, ya bar 'yar tazara, ko zafin ƙarfen zai ragu. Na ce ya bari sai la'asar. Ya ce da la'asar ƙarfinsa ya ƙare. Bayan sallar azahar ya tsuguna a tsakar rana da basilla da igiya, ya daɗe yana ɗinki, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne masa a baya. Ina daga rumfa ina kallonsa. Ya gama, ya miƙe farat ɗaya da tabarmar a hannu. Ya yi taku guda. Na ga tabarmar ta sulale, gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya tafi ƙasa gaba ɗaya kamar an sare dawa.

Ban san lokacin da na isa kansa ba. Idonsa a buɗe kaɗan, fari kawai ake gani. Na girgiza shi, kansa ya langaɓe. Na kurma ihu na ce, "Ya tafi! Inna, ya tafi!" Inna ta fito tana salati da ludayi a hannu, Uwani ta tsorata ta fasa kuka.

Tekna ce ba ta yi ihu ba. Ta zo ta durƙusa, ta kara kunne a ƙirjinsa, ta ce, "Yana nan. Kama ƙafa." Muka ja shi zuwa rumfa. Ta kwantar da turmi ta ɗora dugadugansa a kai, ƙafafu sama kai ƙasa. Ta kwance bakin salka, ruwan da muke tattali don shan ruwa, ta kwarara masa a wuya da ƙirji da hammata. Ta tura mini faifai.

"Ka bar kuka, ka yi fifita. A daji muna gani kullum. Raƙumi ma yana faɗi."

Na yi ta fifita hawaye na zuba. Ban kai ga gajiya ba na ga ƙirjinsa ya ɗaga da ƙarfi, ya yi ajiyar zuciya, ya buɗe ido. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya dubi ƙafafunsa a kan turmi, ya ce, "Me ya kawo ni nan? Ina tabarmar?"

Tekna ta kai masa kofi baki, ya kau da kai, ya ce yana azumi. Ihuna ya riga ya tara mutane, cikinsu har da limamin unguwa, wani tsoho ɗan Tawa. Ya sunkuyo ya ce, "Na-Mirya, wanda ya ɗora maka azumi shi ya sauke wa marar lafiya. Sha, ka rama da sanyi. Bai ce ka kashe kanka ba." Sannan ya sha, kaɗan-kaɗan, maƙogwaronsa na motsi, ni kuma ina jin kamar ni ke sha.

Ɗan Inna ya nemo 'yar motar ɗaukar kaya, irin wadda muke kira bashe. Da Maigida ya ji an ambaci gidan likita sai ya fara cewa ai ya warke, a bar shi. Ban taɓa ɗaga masa murya gaban mutane ba sai ranar. Na ce, "Ni ba aiki na aura ba. In sun sallame ka mu koma Mirya mu yi noma. Wallahi sai ka je." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya miƙa wa ɗan Inna hannu ya tayar da shi.

Gidan likita na kamfani ne. Ranar na fara shiga ɗaki mai na'urar sanyi, har fatata ta yi yar. Wanda ya karɓe mu ana ce masa Majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani Bazabarme mai furfura a gemu, mai magana a hankali kamar ba ya son ta ƙare. Ya kwantar da Maigida, ya ɗaura masa abin awon jini a dantse ya auna. Ya ce ya tashi tsaye, ya sake aunawa, ya gyaɗa kai. Ya saurari ƙirjinsa gaba da baya, ya ja fatar idonsa, ya duba harshe. Ya tambaye shi sunan garinsu da ranar da muke ciki, duk ya amsa daidai. Sai ya juyo gare ni, ina raɓe a bakin ƙofa.

"Ke ce uwargida? Da ya faɗi, yana gumi ko jikinsa a bushe yake?"

"Ya jiƙe sharkaf."

"Ya daɗe bai farfaɗo ba?"

"Da aka ɗaga ƙafarsa aka zuba ruwa ya farfaɗo."

"Madalla. Wanda ya ɗaga ƙafar nan ya san abin da yake yi."

Ya sa masa ƙarin ruwa, ya rataya kwalbar. Da ya waiwayo ya ga har yanzu hankalina bai kwanta ba, ya ce, "To ke kuma mene ne? Ga mijinki yana magana."

Sai bakina ya ɓalle. Na gaya masa komai, jijiyoyin, Ba'adaren, ƙurar da ta shiga jini take neman hanyar fita. Maigida yana ta yi mini ido, ban kula shi ba. Na ɗauka Majo zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ja kujera ya zauna.

"Ƙurar rami ba abin wasa ba ce," in ji shi. "Shi ya sa nake faɗa da ma'aikata kullum su rufe hanci, shi ya sa na saurari ƙirjinsa. Amma abin da ya kayar da shi yau ba ita ba ce. Dakata ki gani."

Ya fita ya dawo da kwanon ruwa da ƙanƙara na yawo a ciki. Ya aje a kan tebur. "Miƙo hannuwanki biyu ki dube su tukuna."

Na miƙa. Wallahi duk kwanakin nan da nake gadin hannun wani, ban taɓa duban nawa ba. Ga su nan, jijiyoyi sun taso raɗa-raɗa a bayan hannuna, sai dai ni baƙa ce, ba sa nuna launi.

"Sa na dama a ciki. Azuminki ba zai karye ba."

Na tsoma. Sanyin ya harbe ni har kafaɗa. Ina tsaye haka ya ci gaba da magana.

"Jini shi ke ɗauko zafi daga can cikin jiki. In zafi ya yi yawa, hanyoyin jini da ke ƙarƙashin fata sai su saki, su yi faɗi, jini ya taso kusa da waje. Gumi ya fito, iska ta shanye shi, jinin ya huce ya koma ciki. In sanyi ne kuma su tsuke, a tsare ɗumi a ciki. Tashin jijiyar nan da kika gani, jiki ne ke aikin da Allah ya tsara masa. A fatar Nasara har gani ake yi, ya yi jawur kamar tumatir. A tamu ba ya nunawa sosai, amma aikin ɗaya ne. Wanda za ki ji wa tsoro shi ne wanda rana ta buga, jikinsa ya ɗau zafi kamar wuta, ya rikice yana sambatu ko ya ƙi farfaɗowa. Wannan a gudo da shi nan, ana jiƙa shi a hanya."

Na ce, "To in aikin kirki suke yi, me ya kayar da shi?"

"Hanyoyi sun yi faɗi, ruwan jiki kuma ya ragu, ga azumi ga gumi. Ya daɗe a tsugune, ya miƙe da sauri, jini ya zube ƙafafu, kai ya rasa rabonsa. Shi ke nan sai duhu. Da ya kwanta jini ya koma kai, ya dawo."

Daga kan gado Maigida ya ce, "Ashe dai radiyatar ce, Majo, irin ta mota."

"To ka gani. Kai da ka san ba a hawa tudu da radiyatar babu ruwa." Ya dube ni. "Fitar da hannun."

Na fitar, na jera shi da ɗan'uwansa. Na dama ya yi sumul, jijiyoyin sun nutse kamar ba a taɓa yinsu ba. Na hagu suna nan tsaye. Hannuwana ne duka biyu, jini ɗaya. Na tuna yadda nasa ke kwanciya da sanyin asuba su tashi da yamma, ni ina can ina yaba rubutu. Wata irin dariya ta taso mini haɗe da kuka, na zauna daɓas a kan siminti mai sanyi.

Daga nan zaune na ce, "Za su sallame shi?"

"Don zafi? Da an sallami rabin garin nan. Ba shi ne na farko ba a watan nan. Ya huta gobe da jibi. Ya sha ruwa sosai tsakanin magariba da sahur, kada a hana shi gishiri a abinci. In zai tashi ya fara zama, ya motsa ƙafa, sannan ya miƙe. In jiri ya kama shi a bakin aiki ya sha ruwa, babbar mota ba a tuƙa ta da duhun ido."

Haka muka ƙarasa azumin. Maigida ya koyi tashi irin na tsofaffi, abokansa na yi masa tsiya. Tekna ta ba shi wani tsohon rawanin mijinta, ya riƙa jiƙa shi yana naɗawa a cikin mota. Maƙwabta suka taru suka ɗora tabarmin nan a rufi da sanyin safiya, bukkar ta ɗan zama wurin da mutum zai iya numfashi. Cikin goman ƙarshe wata la'asar gabas ta yi ja, iska ta taso da yashi har muka danne rumfa da jikinmu, bayanta sai ga ɗigo manya-manya suna faɗuwa a kan tano suna cuwa. Bai jiƙa ƙasa da kyau ba ya ɗauke. Amma ƙamshin nan na ƙasar da ta sha ruwa ya tashi, duk Bukoki aka fito ana ɗaga fuska sama, Uwani na tsalle tsirara tana buɗe baki.

Bayan Sallah aka tabbatar da shi, kafin sanyi muka tare a site. Ya rama azuminsa a watan da ake hura wuta a ɗaki. Mun yi shekaru a garin har kasuwar iraniyom ta faɗi aka fara rage ma'aikata, muka dawo gida. Ya rayu ya yi furfura, ya ga jikoki, kafin Allah ya karɓi abinsa. Wasu daga cikin abokan aikinsa sun sha fama da ƙirji daga baya, har yau ana magana a kan dalili, kuma ban manta da matansu ba. Yanzu ina da fanka a ɗaki da firiji a falo, ruwan sanyi ana sayar da shi a leda a bakin kowace ƙofa. In wuta ta ɗauke kowa yana ɗakinsa da wayarsa yana jiran ta dawo. Maƙwabciyata ta yanzu mutuniyar kirki ce, sai dai ban san irin tukunyarta ba.

Amma magaribar ranar Lahadin nan ta fi zama mini a rai. Mun dawo daga gidan likita rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Majo ya ƙulle mini sauran ƙanƙarar a tsumma ya ce in kai gida. Na tarar Inna ta dama kunun da ban dama ba, ta goye Uwani, idon tsohuwar ya kumbura don kuka. Na ba su labari tun daga farko. Inna ta saurara, ta taɓe baki.

"Ni ban yarda ba sai na gani da idona."

Na zuba ruwa a ƙwarya na saka ƙanƙarar. Ta tsoma hannunta tana ihun sanyi, tana cewa wannan ai almubazzaranci ne, a samu ƙanƙara a watan azumi a wanke hannu da ita. Da ta fitar ta jera hannuwan ta daɗe tana dubawa. Hannun tsohuwa ne mai tuya, jijiyoyinsa sun fi na kowa, ga shi ɗaya ya kwanta ɗaya na tsaye.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ɗiyata, ki yahe mini. Abin da anka gaya min na hwaɗi."

Tekna tana hura garwashi ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai, Inna, ka cika magana. Fitar da ƙanƙara kafin ya narke."

Aka kira sallah. Muka tsamo 'yar ƙanƙarar da ta rage muka ɗauraye, muka jefa a ruwan sha, kofi ya zaga kowa ya kurɓa. Sai ga kwanuka na shigowa daga bukkokin da ko sunan masu su ban sani ba, wannan shinkafa, wannan dabino, wannan ɗan cuku, duk don a gai da majinyaci. Na zauna gaban kwanukan nan, sai na ji wata yunwa ta taso mini tun daga ƙafa. A lokacin na gane rabona da abinci ya wuce mini maƙogwaro da daɗi tun ranar da aka ba ni labarin Ba'adare. Na ci ƙosai, na sha kunu, na ja shinkafar na cinye, na koma kan dabino.

Maigida yana jingine da turmi yana kallona. Can ya ce, "Inna, ku duba mini wannan baiwar Allah. Ni aka kai likita, ita ke cinye abincin majinyaci."

Inna ta kwashe sauran ƙosan da ke gabansa ta juye mini a kwano.

"Kai suma kawai ka yi," in ji ta. "Ita ce ta yi jinya."